TAWADAR CIKO: TSAKANIN MAI FIRINTA DA KAMFANI, WA KE DA IKO?

Duk wanda ya taɓa sayen ƙaramar firinta ta gida, watau na'urar nan da ake haɗawa da kwamfuta tana buga takarda ta hanyar fesa tawada, ya san murnar da ake yi ranar da aka kawo ta, ya kuma san jugum ɗin da ke biyo baya. Ranar saye mutum zai ga kamar an yi masa rangwame, domin kuɗinta bai kai yadda ya zata ba. Bayan 'yan makonni sai tawadar da ta zo da ita ta ƙare. Ya koma kanti neman sabon kwanson tawada, wanda masu sana'ar ke kira katirij, sai a faɗa masa kuɗin guda biyu, baƙi da mai launi, ya tarar sun kusa kama kuɗin na'urar ɗungurungum. A nan ne wani zai ja shi gefe ya ce masa ai akwai sauƙi, ya kawo tsohon kwanson a ɗura masa wata tawada da sirinji, ya biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Wannan shawara ta zama ruwan dare tun daga kasuwar Computer Village ta Ikeja a Legas har zuwa shagunan Titin Beirut a Kano, kuma maganar ta wuce ta 'yan kwabbai. Malamin makaranta da ke buga tambayoyin jarrabawa, da ɗalibin da ke haɗa kundin kammala karatu, da ɗan kasuwar da ke ba da rasit, duk suna tsakanin murya biyu. Kamfani yana cewa tawadar da ba tasa ba za ta kashe na'ura, mai ciko kuwa yana cewa tawada duk tawada ce. Ko wannensu ya faɗi rabin gaskiya ya ɓoye rabi. Abin da ya tabbata shi ne wanda ya sayi na'ura da kuɗinsa shi ke da ikon zaɓen abin da zai zuba mata, amma ikon nan ba zai amfane shi ba sai ya san irin na'urar da ke gabansa da irin tawadar da ake miƙo masa.

ARAHAR INJI, TSADAR TAWADA

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Dabarar sayar da inji da araha domin a ci riba a kan abin da yake sha tsohuwa ce ƙwarai. A farkon ƙarni na 20 kamfanin mai na Standard Oil ya yi ta baza ƙananan fitilu a ƙasar Sin, wasu kyauta wasu a kan ɗan kuɗi kaɗan, domin ya san duk gidan da fitila ta shiga ya zama mai sayen kananzir har illa ma sha Allahu. Haka kamfanonin firinta suka yi. Suna sakin ƙananan na'urorin a kan riba kaɗan ko ma a kan faɗuwa, su jira mai saye a bakin tawada.

Tsadar kuwa ta wuce misali. Wani kwanson na ƙananan firintoci bai ɗauki tawadar da za ta cika cokalin shayi ɗaya ba. A 2021 ƙungiyar kare masu saye ta Ingila mai suna Which? ta yi lissafi, ta gano cewa in aka auna kuɗin wasu kwansuna a kan lita, tawadar kamfani tana haura fam 2,000 lita guda. Kafin nan, a 2013, mujallar Consumer Reports ta Amurka ta gwada firintoci da dama ta hanyar yin bugu jefi-jefi kamar yadda ake yi a gida, ta tarar da yawa daga cikinsu rabin tawadar ko ƙasa da haka ne ke isa kan takarda, sauran tana tafiya wajen wanke kan na'urar. Su kansu shugabannin kamfanonin ba su ɓoye manufarsu ba. A watan Janairu na 2024 Enrique Lores, shugaban kamfanin HP a lokacin, ya shaida wa gidan talabijin na CNBC cewa wanda ya sayi firintarsu bai yi bugu sosai ba, ko bai yi amfani da tawadarsu ba, jari ne da bai yi kyau ba, kuma burin kamfanin shi ne buga takarda ya koma abin biyan kuɗi wata-wata.

INDA KAMFANI KE DA GASKIYA

Duk da haka, zalunci ne a ce tawadar firinta ruwa ne kawai da aka zuba wa launi. Wajen 1977 wani injiniyan kamfanin Canon na Japan, Ichiro Endo, ya lura cewa da ƙarfen nan mai zafi da masu gyaran rediyo ke narka dalma da shi ya taɓa allurar sirinjin da ke cike da tawada, sai tawadar ta yi tsartuwa. A kan wannan ne aka gina hanyar fesa tawada da zafi. Kamfanin HP, wanda shi ma ya gano hanyar a nasa ɓangaren, ya fito da ThinkJet a 1984 da DeskJet a 1988, daga nan na'urar ta fara shiga gidaje.

A ƙasan kan da ke kai da kawowa bisa takarda akwai ɗaruruwan ƙofofi, ko wacce ta fi silin gashi siranta. A bayan ko wace ƙofa akwai ɗan ƙarfe da ke ɗaukar zafi har wajen digiri 300 cikin ƙasa da ƙiftawar ido, ya tayar da kumfa, kumfar ta turo ɗigon tawada waje, kuma haka na faruwa sau dubbai a daƙiƙa guda. Tawadar ce da kanta ke sanyaya ƙarfen, saboda haka in aka ci gaba da bugu bayan ta ƙare sai ya ƙone, kuma abin da ya ƙone ba ya gyaruwa. Kamfanin Epson ya bi wata hanya dabam, inda wani sinadari mai lanƙwasa idan lantarki ya taɓa shi ke matso ɗigon ba tare da zafi ba. Ko wace hanya tana bukatar tawada mai kaurin da ya dace da ita, wadda aka tace ta sarai, mai saurin bushewa a takarda amma marar saurin bushewa a bakin ƙofa. In ta yi kauri ta toshe, in ta yi tsinkewa ta zuba, in da datti a cikinta bugu ya fito da zane-zanen fari.

Har ila yau tawadar iri biyu ce. Akwai ta rini, wadda launinta ke narkewa a ruwa kamar yadda sukari ke narkewa a shayi. Launinta yana da haske, tana da araha, amma ruwa na wanke ta, rana kuma na koɗar da ita. Akwai kuma ta gari, wadda ƙananan ƙwayoyin launi ke yawo a cikin ruwan ba tare da sun narke ba. Wanda ya yi karatun allo ya san irinta, domin tawadar gawayi da ƙaro haka take, in an bar ta a kurtu ta kwana biyu sai garin ya kwanta. Ta gari ta fi jure ruwa da rana, ta kuma fi saurin toshe ƙofa idan ba a haɗa ta da kyau ba. Babban kuskuren masu ciko shi ne zuba ɗaya a kwanson da aka yi domin ɗayar, ko gauraya su, domin suna iya dunƙulewa su toshe kan baki ɗaya.

ABU BIYU DA YA KAMATA A SANI KAFIN CIKO

Na farko shi ne inda kan feshin yake. A yawancin ƙananan firintocin HP DeskJet da Canon PIXMA masu kwanso biyu, kan yana jikin kwanson ne, ana gane shi da farantin ƙarfe a ƙasa da ɗigo-ɗigon jan ƙarfe a bayansa. A irin waɗannan hatsarin ciko kaɗan ne, domin in kan ya lalace kwanson kawai za a jefar a sayi wani, na'urar tana nan lafiya. A firintocin Epson da Brother kuwa, da wasu manyan na Canon da HP, kan yana zaune a cikin na'urar ne, kwanson tulu ne kawai. A nan in mummunar tawada ta toshe kan, kuɗin sauya shi yakan kusa kai na sabuwar firinta. Ciko ɗaya ne, amma a wuri ɗaya asarar kwanso ake yi, a ɗaya wurin asarar inji.

Na biyu shi ne bambance hajar da ke kasuwa, domin iri huɗu ce ake kira da suna ɗaya. Akwai tawadar kwalba da ake ɗurawa a tsohon kwanso. Akwai tsofaffin kwansunan kamfani da wata masana'anta ta wanke, ta gwada, ta sake cikawa. Akwai sababbin kwansuna da wasu kamfanoni ke ƙerawa da sunansu, suna faɗa a fili cewa sun dace da firinta kaza, kuma cibiyar wannan sana'a ita ce birnin Zhuhai na kudancin Sin. Waɗannan uku ciniki ne na fili, sai dai akwai mai kyau da marar kyau a cikinsu. Na huɗu shi ne jabu, watau kwanson da aka sa a kwali mai tambarin HP ko Canon aka sayar a kan kuɗin na ainihi. Wannan zamba ce tsagwaronta, kuma ita ce ta fi cutar mai saye, domin ya biya tsada ya karɓi abin da bai san asalinsa ba.

KWAƊO A BAKIN TULU

Da kamfanonin suka ga masu ciko na cin kasuwarsu, sai suka liƙa wa kwansuna wata 'yar ƙwayar lantarki da ake kira cif, wadda ke gaya wa firinta ko kwanson na gida ne ko baƙo, da kuma ƙiyasin tawadar da ta rage. A yawancin na'urori ƙiyasi ne kurum, ɗigo ake ƙirgawa, shi ya sa bayan an cika kwanso fal firinta ke ci gaba da cewa babu tawada.

Rigimar wannan kwaɗo ta kai gaban alƙalai. A Amurka kamfanin Lexmark ya kai ƙarar Static Control Components a 2002 saboda yana ƙera irin wannan cif, amma a 2004 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi goyon bayan Lexmark. Daga baya ya kai ƙarar wani ƙaramin kamfani na jihar West Virginia, Impression Products, mai sayen tsofaffin kwansunansa yana sake cika su. Ranar 30 ga Mayu 2017 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci cewa da zarar kamfani ya sayar da kaya, haƙƙin ƙirƙirar da yake da shi a kan wannan kayan ya ƙare. Babban Alƙali John Roberts ya kawo misali da garejin da ke gyara tsofaffin motoci yana sayarwa, wanda da ba zai iya aiki ba in da ko wane mai ƙera kayan mota na da ikon bin sa kotu. Shari'ar a kan kwansunan garin tona na firintocin leza aka yi ta, amma ƙa'idar ta shafi na tawada. Wani abin mamaki kuma, tun a 2016 wasu kamfanoni ƙarƙashin jagorancin Apex Technology na Zhuhai, wanda shi kansa mai ƙera cif ne na kwansunan da ba na kamfani ba, suka sayi Lexmark a kan dala biliyan 3.6, kafin Xerox ya saye shi a 2025.

Kamfanin HP kuwa ta intanet ya bi. A watan Satumba na 2016 masu wasu firintocin OfficeJet a ƙasashe da dama suka wayi gari na'urorinsu sun ƙi karɓar kwansunan da suke aiki da su jiya, saboda wani tsari da aka sa a manhajar cikin na'urar mai suna Dynamic Security. Da aka yi caa a kansa, kamfanin ya nemi afuwa a kan rashin yi wa mutane bayani, ya fitar da gyara, amma daga baya ya ci gaba da tsarin. A 2018 hukumar kare masu saye ta Ostireliya ta sa ya amince ya biya waɗanda abin ya shafa dalar ƙasar 50 ko wanne, a 2020 kuma hukumar Italiya ta ci shi tarar Yuro miliyan 10 saboda bai fayyace wa masu saye wannan sharaɗi ba. Kamfanin yana kare kansa da cewa yana tsare fasaharsa ne da kuma lafiyar na'ura. Sai dai a farkon 2022, lokacin da aka yi ƙarancin cif a duniya, Canon ya fitar da wasu kwansunan tona nasa na injinan ofis babu cif, ya kuma koya wa masu saye yadda za su tsallake gargaɗin da injin zai nuna. Wannan ya nuna cewa inji na iya bugu lafiya lau ba tare da mai gadin nan ba.

Game da garanti, wanda shi ne abin da aka fi tsorata mutane da shi, dokar Magnuson-Moss ta 1975 a Amurka ta hana kamfani ɗaure garanti da sharaɗin sai an yi amfani da kayansa. Takardar garantin HP ita kanta ta ce amfani da kwanson da aka cika ba ya soke garanti, amma in shi ne ya jawo lalacewar to mai na'ura zai biya kuɗin gyara. A ƙasar nan akwai Dokar Gasa da Kare Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta kuma ba mai saye haƙƙin a yi masa bayani a fili ba tare da yaudara ba. Ya kamata wannan hukuma da ta ingancin kaya, watau SON, su tsaya a kan abu biyu: duk firintar da za ta ƙi baƙuwar tawada a rubuta haka ɓaro-ɓaro a kwalinta, kuma a bi sawun masu cusa jabu a kwalin kamfani.

YADDA MASU CIKO SUKA JUYA KASUWA

A ƙasashen Asiya masu ƙaramin ƙarfi mutane sun daɗe suna rataya wa firinta kwalabe a gefe, suna jan siraran tiyo zuwa kan feshin, kamar yadda ake gani a shagunan buga takardu na bakin jami'o'in ƙasar nan. Da Epson ya ga abin ya fi ƙarfin hani, sai a 2010 ya fito da firinta mai tanki a ƙasar Indunisiya, wadda ake zuba wa tawada daga kwalba. Ta kai Amurka a 2015 da sunan EcoTank, Canon da HP da Brother suka bi sahu, kuma a 2024 Epson ya sanar cewa ya sayar da irinta miliyan 100. Na'urar ta fi tsada ranar saye, amma kwalba ɗaya tana buga dubban shafuka. Talakan da ke fama da sirinji shi ne ya tilasta wa manyan kamfanoni wannan sauyi. Amma fa a lura, a irin wannan firinta kan yana zaune ne a cikinta, kwalbar kamfanin kuma ba ta da tsadar kwanso, saboda haka ribar sayen baƙuwar tawada a nan kaɗan ce, hatsarinta kuwa babba.

GYARA KAYANKA

Wanda ya zaɓi ciko, to ya yi shi da ƙa'ida. A cika kwanso tun bai bushe ƙaf ba, da zarar bugu ya fara dusashewa. A nemi tawadar da aka rubuta sunan mai yinta da irin firintar da ta dace da ita, a kuma tsaya a kan iri ɗaya. Ko wane launi da sirinjinsa, a ɗura a hankali, kada a cika har ta yi ambaliya, kada a toshe ƙofar shan iskar da ke saman kwanson, kada kuma yatsa ya taɓa jan ƙarfen da ke bayansa. A sani cewa kwanso mai kai a jikinsa ba don ya dawwama aka yi shi ba, bayan 'yan cike-cike zai gaji. Wanda firintarsa ke haɗe da intanet ya duba ko za a iya kashe sabunta manhaja na kai tsaye, ya kuma karanta da kyau kafin ya amince da tsari irin na HP+, wanda sharaɗinsa shi ne amfani da tawadar kamfanin kaɗai.

Yanayin ƙasar nan ma yana da nasa hukunci. Iskar hunturu da zafin bazara suna busar da bakin ƙofofin feshi, ko da tawadar ta kamfani ce, saboda haka yana da kyau a buga shafi ɗaya mai dukkan launuka ko da sau ɗaya a mako, a kuma rufe na'urar daga ƙura. A riƙa kashe ta da maɓallinta, domin a lokacin ne kan ke komawa mazauninsa a rufe bakinsa. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar bugu, da ta dawo a kunna na'urar ta mayar da kan wurinsa, kada a bar shi ya kwana a buɗe.

Sa'an nan a duba darajar takardar da za a buga. Tambayoyin gwaji na mako da takardun da za a karanta a yar, tawadar ciko ta ishe su. Amma yarjejeniyar sayen fili, da takardar rabon gado, da shaidar bashi, da hotunan iyali, abubuwa ne da za a nema bayan shekara 20, wataƙila a gaban alƙali, bayan waɗanda suka shaida sun kwanta dama. Irin waɗannan a buga su da tawadar gari mai inganci ko da firintar leza, a ajiye su nesa da rana da laima. Araha ba ta ado, kuma babu asarar da ta kai a buɗe akwati a tarar da rubutun ya koɗe, sa hannun biro kaɗai ya rage a ƙasan farar takarda.

Wanda bai riga ya saya ba shi ya fi kowa sa'a, domin zai iya fara tambayar kuɗin tawada da yawan shafin da take bugawa kafin ya tambayi kuɗin na'ura. Mai bugu da yawa mai launi ya dubi mai tanki. Mai buga baƙin rubutu kawai ya dubi leza, wadda garinta ba ya bushewa. Mai buga shafi biyar a wata kuwa, shagon bakin titi ya fi masa sauƙi.

Wanda ya sayi doki shi ke zaɓar masa harawa, kuma bai kamata wanda ya sayar da dokin ya biyo shi har barga ya ɗaure wa dabbar baki ba. Amma mai dokin da ya zuba masa ruɓaɓɓen dusa don gudun kashe kuɗi, kada ya zargi kowa ranar da ya tashi hawa ya tarar da shi a kwance. Allah ya sa a gane.